Ranar da Na Je Leƙen Asirin Ciwon Mahaifiyata

Iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya san abin da ke bayan kowace fuska.

Sunana Rahila. Ina koyar da yara a wata firamare a nan Narayi, kuma ranar Lahadi ina zama a bencin baya, kusa da taga. Wasunku sun san ni tun kafin in san kaina. Ni ce yarinyar nan mai kuka a finafinan bishara na Hausa, waɗanda ake haskawa a bangon majami'a lokacin Kirsimeti. Har yau in na shiga kasuwa sai wata uwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ba ke ce 'Yar Hawaye ba?" Ni ce. Yau zan gaya muku inda ake samo hawayen nan, da ciwon da suka bar mini.

Babana ya rasu ina ƙarama, bayan masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe. Muka rage ni da Mama a ɗaki ɗaya a Trikania. Ƙanen Mama, Kawu Danladi, shi ne mai kamara, shi ne darakta, shi ne mai tsara labari. Wata rana ya same ni ina hira da 'yar tsanata ta kara, ya tsaya yana kallona, ya ce wa Mama, "Yaya, idanun yarinyar nan za su sa dutse ya tuba."

Da farko na so aikin ƙwarai. Akwai wani faffaɗan faranti mai ƙyalli da ake ɗagawa a turo hasken rana kan fuskata, ni kuwa na ɗauka rana ma tana jin umarnin Kawu. Kullum ni ce marainiya, ko 'yar da aka kora, ko yarinyar da ke addu'a a bakin kabari. Aikina kuka ne.

Ana shafa mini man zafi a ƙasan ido, hawaye su zubo. Amma Kawu ya ce wannan kukan ido ne kawai, bai kai ciki ba. Sai ya fito da wata dabara. Dab da a ce "akshin", sai ya durƙusa ya kawo bakinsa kunnena, ya sauke murya.

"Rahila, ki yi haƙuri. Yanzu aka aiko, mota ta buge Mamarki a hanyar kasuwa."

In fashe da kuka, kamara ta ɗauka. Da an ce "kat" sai kowa ya tafa, a miƙo mini alewa, Kawu ya ɗaga ni sama ya ce wasa ne.

Yaro ma yana da wayo. Bayan an yi mini haka 'yan lokuta, na daina yarda. Ya ce gidanmu ya kama wuta, na dube shi kawai. Ranar da za a ɗauki babbar fitowa a wani gida da aka ara a Unguwar Sanusi, idona ya bushe ƙaf. Aka yi ta fama har rana ta karkata. Sai aka fitar da ni waje aka ba ni ruwa, can aka dawo da ni cikin ɗakin.

Mutum ne kwance a tabarma, an lulluɓe shi da zane har kai, ƙafafu a waje. Na san zanen. Na san ƙafafun, da kaushin da ke dugadugansu, don ni ke shafa musu mai.

Ban san ihun da na yi ba sai daga baya da na gan shi a faifai. Na faɗa kanta ina jijjiga ta, ba ta motsa ba. Na kira ta, na sake kira, ta riƙe numfashinta.

"Kat!"

Mama ta yaye zanen ta tashi zaune tana kaɗe ƙura, tana murmushin kunya. Ta ce, "Wasa ne, Uwata." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarta na ci.

Fitowar nan ce ta sa aka san ni. An ce mutane da yawa sun tuba saboda ita, kuma ba na musun abin da Allah zai iya yi da karkataccen abu. Amma ni, tun daga ranar wani abu ya rufe a cikina.

Da na fara tsawo aka samo wata yarinyar, ni kuma na tafi makarantar kwana, daga nan kwalejin horar da malamai. Fim ya bar ni, zargi bai bar ni ba. In mutum ya yi mini alheri, sai in waiga in ga inda aka ɓoye kamara. In na je gaisuwar mutuwa, ina zaune ina auna kukan mutane: wannan ta fara da wuri, waccan tana leƙen ko ana kallonta. A nan cikin sujada, in 'yar'uwa ta durƙusa tana hawaye a gaban Ubangiji, sai in matsa in shaƙi iska ko zan ji warin man zafi. Ku gafarta mini, wasunku na yi muku haka. Wani bawan Allah ya nemi aurena da zuciya ɗaya. Ranar da ya faɗa mini, muryarsa na rawa, abin da ya zo raina shi ne, ya iya, wa ya koya masa? Ya gaji ya tafi.

Mama kuwa, ban taɓa yi mata rashin kunya ba. Ina gaishe ta ta waya, ina aika mata abin da ya samu. Amma da na sami aiki na kama ɗaki a Narayi, sai ƙafata ta ɗauke daga Trikania. Ba nisa, amma sai a yi watanni ban je ba.

A bana wani ya ɗora tsohuwar fitowar nan a intanet, ta yi ta yawo a wayoyi. Ba a jima ba sai ga Kawu Danladi a ƙofar makarantarmu, ya yi furfura amma bakin yana nan.

"'Yar Hawaye ta Kawu. Duniya na nemanki. Za mu yi kashi na biyu: marainiya ta girma, ta dawo gida."

Na ce, "Kawu, na daina."

"Ai ba a daina baiwa. Ki yi tunani."

Bai fi mako biyu ba ya kira ni. Ya sauke murya, irin saukewar nan da na sani. Ya ce Mama ba lafiya, an ga ƙari a cikinta, likita ya ce a yi aiki da gaggawa. Ya ce ta ƙi a kai ta, wai ba za a sa mata wuƙa ba sai ta gan ni.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe," na kashe wayar. Har dariya na yi. Marainiya ta girma, ta dawo gida, ta tarar da uwa a kwance. Labarin ma bai canja ba.

Mama ta kira da kanta. Muryarta can ƙasa, tana tsayawa tsakanin kalmomi. Ina riƙe da waya ina sauraron inda take jan numfashi, ina cewa a raina, an yi gwaji sosai. Na ce mata muna cikin jarrabawa, zan zo in an gama.

Kwanaki suna wucewa. Wata Asabar Mama Fasto, matar faston majami'ar su Mama, ta hawo keke napep ta zo har ɗakina. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna bakin gado.

"Rahila, me kike jira? Cikin nan kullum ƙara kumbura yake. Likita ya ce in aka ƙara jinkiri, aikin ma ba zai yi amfani ba."

"Kawu ne ya turo ki, Mama?"

"Kawunki ya isa ya turo ni? Ni da nake korarsa daga taron mata a majami'a? Da idona na ga Mamarki."

Na ce, "Ni ma da idona na taɓa ganinta a mace."

Ta dube ni. Ba ta yi mini wa'azi ba. Da za ta tafi ta ce, "To, ki je ki leƙa. Ba sai kin shiga ba. In ƙarya ce, ki zo ki same ni, ni da kaina zan raka ki gida."

Washegari bayan sujada na tafi, ba don na yarda ba, sai don in kama su. Na sauka nesa da layinmu, na bi ta lungun bayan gida inda ake shanya. Ina tafe ina duba ƙasa ko zan ga wayar lantarki, ina duba saman katanga ko an ɗaura fitila.

Daga kusurwa na hango Kawu a ƙofar gida bisa benci, yana waya yana dariya. Na ji shi sarai yana cewa, "Za ta zo, ka bar ni da ita. Da ta zo an gama."

Wani gefen zuciyata ya ji daɗi, irin daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Na juya zan tafi. Hanyata ta bi ta ƙarƙashin tagar ɗakinmu, labulen ya ɗan zame, sai na leƙa.

Doka ta farko da aka koya mini a fim ita ce, kada ki ba kamara baya. Mai wasa yana kai ciwonsa wajen haske. Mama kuwa ta juya wa ƙofa da taga baya, fuskarta a bango. Tana ƙoƙarin jawo wani bokiti da ƙafa, ya ƙi zuwa. Hannuwanta sun zama kamar sillen kara. Ta cusa bakin zane a baki tana cizo don kada a ji nishinta a waje. Babu kowa a ɗakin. Babu kyau ko kaɗan a abin da na gani.

Kun san abin da zuciyata ta ce? Ta ce, wataƙila ta ji takunki.

A nan na tsorata. Ba Kawu ya ba ni tsoro ba, ni na ba kaina. Na gane ko takardar likita aka nuna mini zan ce an buga ta ne, ko gawarta aka shimfiɗa zan tsaya jiran a ce "kat". Babu shaidar da za ta ishe ni a duniyar nan. Uwata za ta mutu a bayan bangon nan ina tsaye ina ba ta maki.

Na durƙusa a lungun, kusa da kwata, cikin kayan sujadata. Addu'ar ba ta da tsawo. Na ce, "Yesu, idona ya lalace, ba ya rarrabe gaskiya. Ba na roƙon ka nuna mini hujja. Ka riƙe hannuna in shiga. In ma ruɗina ake yi, gara a ruɗe ni ina hannunka."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da na ji shi ne kamar an kwance wani ɗauri da ya daɗe a ƙirjina, har na manta yana nan. Na tashi na zagaya ta ƙofar gaba. Kawu ya miƙe yana washe baki, na wuce shi.

Na matso mata da bokitin, na riƙe goshinta har ta gama. Da ta juyo ta gan ni, hawaye sun riga sun wanke mini fuska. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ɗago hannu ta taɓa ƙasan idona, ta kai yatsan ga hancinta.

"Uwata, wannan na gaske ne?"

Ashe ita ma. Ta ce tun ranar tabarmar nan ba ta ƙara sanin kukana ba. In na yi kuka za a mayar da ni makaranta, sai ta ce a ranta, yarinyar da aka koya wa. Ta ce tana kwance ƙarƙashin zanen nan tana jin ihuna, ta so ta tashi, amma Danladi ya ce in ta motsa aikin yini ya lalace, ga mutane an tara. "Na riƙe numfashi, Uwata. Abin da ya hana ni zuwa asibiti ke nan. Ba na so a sa ni barci ban ce ki yafe mini ba."

Na ce, "Mama, ba ni da yadda zan nuna miki na gaske ne."

Ta ce, "Ni ma ba ni da shi."

Muka riƙe hannun juna muka yi addu'a, kowa ta karɓi 'yar'uwarta haka nan, ba shaida. Na yafe mata, ta yafe mini. Da yamma ta ce a kira mai mota.

An yi aikin. Likita ya ce mun zo a ƙurarren lokaci, amma mun zo. Yabo ga Ubangiji!

Kada ku ɗauka zargina duka ƙarya ne. A barandar asibiti, Mama ba ta ko farfaɗo ba, Kawu ya matso ya ce, "In Yaya ta warke, sai mu zauna kan maganar nan." Da gaske fim ɗinsa yake so. Da gaske kuma shi ya yi ta jinyar yayarsa duk kwanakin da na ƙi zuwa. Dā ba zan iya riƙe waɗannan biyun tare ba. Na ce masa a'a, ba zan yi ba, sannan na karɓi kunun da ya kawo na sha.

Har yanzu tunanin yakan zo. Wani ya yi mini murmushi, sai in ji tsohuwar muryar tana tambaya me yake nema. Amma yanzu baƙuwa ce, ba ita ke da gidan ba. Nakan ce, Yesu, riƙe hannuna, in amsa murmushin.

Mama ta dawo wurina a Narayi tana murmurewa. Tana cikinku yau, ta ce in na nuna ta za ta fita, don haka ba zan nuna ta ba.

'Yan'uwa, in akwai wanda aka taɓa ruɗa har ya rufe ƙofa, yana jiran cikakkiyar hujja kafin ya je wurin wanda ke kiransa, ina roƙonka kada ka jira. Hujjar ba za ta ishe ka ba, lokaci kuma ba ya tsayawa. Ka ba Yesu hannunka ka shiga. Ni na shiga da tsorona, na tarar da uwata da rai.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.