Tambayar Mama Rahila da Muka Binne

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, tela ne ni a nan Illela. Ban zo da labarin ciwon jiki ba. Ciwona hassada ce, kuma wata gwauruwa ce ta sha wahalarta.

Kun san kasuwar Illela ranar Lahadi take ci. Mu masu bi kuwa ba mu da yawa, fasto sai ya yi wata uku bai zo daga Sakkwato ba. Shi ya sa ya bar mana wani littafin rubutu mai yawo gida-gida, har Kalmalo da Gidan Katta. Mai tambaya ya rubuta, 'yan'uwa su amsa, kowa ya miƙa wa na gaba.

Mama Rahila, gwauruwa mai tuwon sayarwa da ke riƙon marayu, ba ta karatu. Aka rubuta mata tambayarta: "In an tashi sujada, zan iya kai tuwona kasuwa, ko na karya Asabaci, ranar hutu ta Ubangiji?"

Hannuna littafin ya fara faɗowa.

To, ga shagona ga na Yohanna, muna kallon juna. Mota ɗaya ta kawo mu daga Zuru, maigida ɗaya ya koya mana ɗinki. Amma tun da aka sake buɗe iyaka, mutanen Ƙonni na tsallaken iyaka layi suke yi a wurinsa ran Lahadi, domin yana buɗewa bayan sujada. Ni ina rufewa. Kada ku ce tsoron Allah ne! Sau biyu na buɗe, ko ƙuda bai leƙo ba, sai na rufe na sa wa abin suna tsarki. Yohanna ya ƙara keken ɗinki, ya sayi babur. Duk sanda ya tayar da babur ɗin nan, a ƙirjina nake jin ƙararsa.

Sai na rubuta: "Akwai waɗanda wa'azi ke yi wa tsawo domin almakashi na jiransu." Ko kalmar tuwo ban taɓa ba.

Shi ke nan, wuta ta kama. Wani malamin makaranta a Gidan Katta ya ce ai Asabar ce ma ainihin ranar, duk mun ɓata. Wani na Kalmalo ya tambaya ko kifin da aka kama Lahadi ya ciwu ran Litinin. Aka koma kan wanda ya kamata ya ɗinka kayan mawaƙa, daga nan aka sauka kan 'yan kunnen matar Yohanna. Da na ga maganar za ta huce, sai in je in karɓo littafin in ƙara hura ta. Yohanna layi ɗaya kawai ya rubuta, wai Allah ya san zuciya. Wannan ya fi zagi ƙona ni.

Bayan wata biyu na cika shafi biyu ina neman a sa Yohanna a horon ekilisiya, a hana shi cin jibin Ubangiji. Ina kan hanyar kai littafin, sai Mama Rahila ta kira ni daga ƙofar gidanta. Babbar tukunyarta ta kasuwa na kife, har kaza ta yi ƙwai a murhun.

Ta ce, "Bitrus ɗana, mi anka ce? In tahi ko in zamna? Lahadi takwas ke nan ban hita ba, ina jiran ekilisiya. Karanta mini."

Na buɗe shafi bayan shafi. Me zan karanta mata? 'Yan kunne? Babu mutum ɗaya da ya amsa mata, kuma ni na fara kauce hanya.

'Yan'uwa, a tsakar gidan nan na durƙusa, rana tsaka. Na ce, "Ya Ubangiji, ba ranarka nake karewa ba. Babur ɗin ɗan'uwana nake kishi. Ka cire mini wannan abu, ya fi ƙarfina!" Na yi kuka har tsohuwar ta zaci mutuwa aka yi mini. Da na tashi, ƙirjina sakayau. Halleluya!

Na wuce shagon Yohanna, na yage shafukan nan biyu a gabansa, na faɗa masa komai. Ya ce, "Haba Bitrus! Da ka buɗe baki ai da na turo maka rabin aikin nan. Wa ya kai ka iya wuyan riga?"

Ran Lahadi dattawa suka zauna, kafin a gama share ɗakin sujada sun yanke: ta yi sujada, sannan ta je ta nemi abincin marayunta. Ta ɗauki tukunya ta tafi, ta tarar wata ta kafa rumfa a wurinta. Yohanna ne ya share mata ƙofar shagonsa ta zauna. Tsohon wurinta bai dawo ba har yau, kuma ni na jawo mata.

Na gode wa Yesu da bai bar ni cikin wannan hali ba. Wanda yake jin ƙuna in ɗan'uwansa ya samu, kada ya lulluɓe ta da aya. Ya kawo ta gaban Ubangiji da sunanta, zai warkar da shi kamar yadda ya warkar da ni. Amin.