Taimar da Ta Narke a Ɗakin Inna

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Sani mai kayan miya daga Ƙanƙara.

Mahaifiyata, Inna, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ba ta iya tashi ta kunna fanka. Sai na saya mata taima, wato na'urar da ake cusawa a soket tana kunna wuta tana kashewa da kanta, don batirin sola ya huta. Mai araha na samu, marar nauyi.

Ranar kasuwa, bayan azahar, maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ta bugo mini waya ta ce: "Sani, ka taho yanzu, ƙaurin roba ke fitowa daga ɗakin Inna." Matata kuwa ta tafi awo asibiti. Ban san yadda na hau babur ba, duk hanyar salati nake.

Na tarar Hajiya ta fito da Inna tsakar gida, Inna tana ta tari. Taimar ta narke, labule ya fara cin wuta kafin a kashe. Ashe da sandarta Inna ta yi ta bugun ƙofa har aka ji.

Mai gyaran wutar da na kira ya ce in za a yi amfani da taima a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta, a taɓa, in tana zafi a cire.

Jama'a, ku ba ni shawara: wace iri ce abin dogaro? Har yau Inna ba ta yarda a kunna fanka in ba na gida.