Ɗan Guntu Mai Manyan Kunnuwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba.

Ina ɗinka 'yan tsana na ƙyalle. Yayata ta ce munana ne, kansu ya fi jikinsu, har na fasa kai su shagon da aka ce in kai. Ran nan a tasha, muna jiran mota ta cika, wani dattijo yana buga tsohon gem a wayarsa, wata mata tana leƙe.

"Baba, da furfurarka? Kuma wannan mummunan ɗan guntun da ke cikin gem ɗin, kunnuwa kamar faifai?"

"'Yata, kunnuwan ne adonsa. Ko inuwarsa kika gani kin san shi ne."

"Ai gara masu ƙirji da takobi."

"Waɗancan duk fuskarsu ɗaya. Wa ke tausayin ƙato? Wannan kuwa in ya faɗa rami, sai ya kalle ka kamar zai ba ka haƙuri. Tun ina saurayi nake jin kunyar barinsa a ciki."

"To yi tsalle mana, za ka kashe shi."

"Au, mummunan?"

"Kawo nan, Baba."

Ta karɓe wayar, ta tsallake ramukan kaf, ta kai shi ƙarshen hanya.

"Wa ya koya miki?"

"Ni na koya wa ƙannena," in ji ta. Direba yana ta kira, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Washegari da safe na kai 'yan tsanata shagon yadda suke. Mai shagon ta zaɓi mafi ƙaton kai, ta ajiye ta gaban gilashi.