Kun Ce An Shawo Kan Cutar

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Fakuwa.

Wata ɗaliba mai bincike ta tambaye ni ko labaran rediyo na taimakon marasa lafiya. Ga amsata, kowa ya ji.

Da amai da gudawa suka ɓarke da damina, kun faɗa a rediyo, ma'aikatan lafiya suka zo. Rannan sai kuka ce "an shawo kan cutar". Suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Mu kuwa ruwan gurɓatacciyar rijiyarmu dai muke sha. Bayan sanarwarku ɗiyata Rabi ta kwanta, ba ta tashi ba.

Malam, wa kuka tambaya a Fakuwa kafin ku faɗa? Jiya ƙanwarta ta fara gudawa. Ku ba ni shawara, ina zan kai ta, tunda an shawo kan cutar?