Ku Bar Kaskon Turare a Gida

Assalamu alaikum. Shugabar taro Hajiya Amarya, wakilin Dagacin Gafasa, Malam Bubayero malamin asibiti da ya taso daga Gaya, iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka ba ni wuri. Ni ce Hanne, matar Malam Abdulsalam. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta da ƙarfi, kuma na gaji.

Shekara tara ke nan Malam yana fama da fuka, duk kaka sai ta taso. Da numfashinsa ya sarƙe, ku da kanku kun san abin da muke yi. A rufe ƙofa, a toshe taga, a kawo kaskon turare wai iska ce ta buge shi, ɗaki ya cika da 'yan dubiya, wata ta ɗora hannu a ka tana salati. Ba na zargin kowa. Ni ce ke hura garwashin.

Abu na farko, Malam Bubayero ya ce ƙaiƙayin gero ne ke tayar da fukar, kuma hayaƙi ƙara ta yake yi. Masussuka kuwa tana bayan katangarmu.

Na biyun, da idona na gani, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Bara, ana tsakiyar damina, babu sussuka babu shiƙa, Talatu maƙwabciyarmu tana kirɓa fura. Malam na jin taɓarya ya ɗauka sussuka ce, sai ƙirjinsa ya fara kuka. Na leƙa na ce, "Talatu, me kike daka?" Ta ce, "Yaya Hanne, fura ce fa! Ko ita ma ta zama laifi?" Na koma na faɗa masa, na buɗe ƙofa, na zauna kusa da shi shiru. Kafin la'asar ya tashi ya yi alwala da kansa.

Daga baya ya ce mini, "Hanne, ba ƙaiƙayin nake tsoro ba kamar ɗakin nan idan ya cika. In na ga kuna kuka, sai in ɗauka tafiyar ce ta zo."

Don haka ƙaiƙayi gaskiya ne, tsoro ma gaskiya ne, kuma su biyun tare suke shaƙe shi. Ga gero ya nuna, jikinsa kuma ba na bara ba ne.

Roƙona biyu ne. A matsar da masussuka gabas da rijiya. In kuma kun ji fukar ta taso, mai ƙaunarsa ta tsaya a zaure ta yi addu'a, addu'ar za ta iske shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Allah ya sa mu ci amfanin bana da rai da lafiya, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Nawa kaskon na kife shi tun jiya.

Na gode.