Ƙauyukan da Ba Su Kai Ɗigo Ba

A tashar bas ta birnin Suva, wani dattijo mai buhun rogo ya leƙa takardar da wata ɗaliba ta shimfiɗa a cinyarta.

"'Yata, wannan ba taswirar tsibirin Kadavu ba ce?"

"Ita ce, Baba. Aikin jami'a ne, ana koya mana nuna alƙaluma a zane. Kowane jan ɗigo ƙauye ne da teku ke ci. Yau zan miƙa."

"To ina namu? Nan ya kamata ya zauna, bayan wannan lungun."

"Ku nawa ne?"

"Talatin da ɗaya, har da ni."

"Shi ya sa. Malamarmu ta ce in ɗigo ya yi yawa ido ba ya ɗauka. Duk ƙauyen da bai kai mutum hamsin ba, a zuba shi cikin 'sauransu'."

"Sauransu! Ruwa ya kai bakin kabarin matata, mu ne sauransu?"

"Ba ƙarya na zana ba, Baba. Wancan karon kowa na sa, ta kayar da ni. In na sake faɗuwa, sai na maimaita shekara."

"Ai ban ce ki faɗi ba. Ke 'yar ina ce?"

Ta dubi taswirar.

"Can gefenku. Mu ashirin da shida ne."

"Wato ku ma..."

"Namu na fara gogewa, kar a ce na yi son kai."

Dattijon ya ajiye buhunsa, ya matso kusa.

"Nuna mini wurin."

Ta ɗora yatsa a inda babu komai, ya daɗe yana kallo.