Na Sha Gaban Zaka

Jikata Hauwa ta gama jami'a, kuma sunana yana cikin littafin bincikenta! Af, murna ta mantar da ni sallama. Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro, Malam Sale ne daga wajen garin Hajj Abdalla.

Lokacin da take rubutu kan hawasharmu, wato gonarmu ta auduga, kullum sai ta ce, "Kaka, Zaka ya gyara min wannan." Na ce, "Amarya, wane Zakari ne zai ƙwace min ke? Ɗan gidan wa ne?" Ta yi dariya har da hawaye. Ashe basirar na'urar nan ta waya ce ake kira zaka da Larabci.

Dokar jami'arsu, duk wanda na'ura ta taimaka masa ya faɗa, in ya ɓoye a soke aikinsa. Ƙawayenta suka ce ta yi shiru, kada a rage mata maki. Ta ƙi. Ta rubuta cewa Zaka ya gyara mata nahawu, sanin ruwa da ƙasa kuwa wurin kakanta ta samo.

Ni da na koyi karatu da furfura a ajin yamma, da kaina na karanta sunana, a saman na Zaka. Ku zo ku gani, shayi yana kan wuta!